Dattijon da Yaran Kabo Suka Ƙi Ƙetarewa

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo gidana a Gwarzo ɗaukar atamfa sai ta gyara zama ta ce, "Hajiya, ba ki ba mu labarin Gana ba." Na ba da shi a tsaye, na ba da shi a zaune, na ba da shi a gidan suna a Lakwaya har shinkafata ta huce. Na gaji. Shi ya sa na rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta sake tambaya in miƙa mata waya ta karanta da kanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni dillaliya ce. Da yawon zannuwa gida-gida na fara, yanzu nakan je Lome da kaina in saro. Sanin hanyar nan shi ya ja mini wannan tafiyar.

Jikata Murja tana wata makarantar al'umma a Kabo, garin da uwarta ke aure. Malamarsu, Malama Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna ce, kuma ta daɗe a makarantar har ɗalibanta na farko sun fara kawo mata nasu 'ya'yan. Ita ce ta ga wani shirin talabijin na yara da ake yi a Gana, a wani tsohon gidan yaƙi na Turawa da ke bakin teku. Ana saka yara ƙungiya-ƙungiya, su bi ɗakunan gidan, kowane ɗaki da nasa wasan, in sun ci su ɗauki tuta. Ta ɗauki ɗalibanta huɗu a waya suna tsere da lissafi, ta aika, aka zaɓe su. Masu shirin suka ce mota da masauki duk nasu ne.

Da iyaye suka ji, aka kira taro. Shugaban iyayen yara shi ne Alhaji Sule na Garo, 'yarsa Nafisa kuma tana cikin huɗun. Ya ce, "Malama, ba ki tambaye mu ba kika aika. Mun san yaran talabijin, su yi wa babba ihu, su yi tsalle a gabansa. Za mu bar su su je, kada a ce mun tauye su. Amma in aka nuno 'ya'yanmu suna rashin kunya duniya na kallo, ki nemi wata makarantar."

Ta ce ta yarda. A gidan makarantar take zaune da 'ya'yanta uku, wato in aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi. Iyaye mata kuma suka ce sai an haɗa yaran da babbar mace da suka sani. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Mu shida muka tashi: ni, Malama, Nafisa, Murja, da maza biyu, Sadik da Bitrus. Daga Kabo muka shiga Kano, muka hau babbar motar Legas. Kun san hanyar, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Kwana da wuni muna zaune. Sadik ya fara amai tun kafin Zariya, bai daina ba sai da muka ƙetare kogin Neja. Ƙafafuna suka kumbura har takalmina ya ƙi shiga, da silifas ɗin wanka na sauka a Legas. Duk tsawon hanyar Malama ba ta runtsa ba, tana riƙe da littafi tana yi wa yaran tambayoyi.

A cikin motar ne na fara jin labarin wasan ƙarshe. Wai akwai wani lungu siriri, mai gadi na kwance a tsakiya yana barci, an ɗaura masa ƙararrawa a jiki. Sai yara sun ƙetare shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙararrawar ta yi ƙara ba, su ɗauko babbar tuta a bayansa. Na ce, "Sun iya?" Malama ta ce, "Hajiya, wata biyu muna gwaji da buhun masara. Ko a mafarki za su ƙetare shi." Na ce to madalla, na koma barcina.

A boda ta farko, ta shiga ƙasar Binin, aka tsare mu. Ban ga laifin jami'in ba, don mace biyu da yara huɗu, kowane yaro da sunan ubansa daban, dole a tambaya. Ya ware yaran gefe, ya nuno ni ya tambayi Murja, wace ce wannan a wurinki? Ta ce, "Kakata ce." Ya tambayi Nafisa, ta ce kakarta ce. Sadik ma haka. Ya zo kan Bitrus, yaron da ubansa ɗan Filato ne mai shagon magani, shi ma ya ce, "Kakata ce," ko idonsa bai ƙifta ba. Jami'in ya duba takardu, ya dube ni, ya ce mu zauna a benci. Awa uku muka yi a kan bencin nan, Malama tana ta bayani da Turanci cewa a wurinmu kakar ɗaya kakar kowa ce. Sai da aka kira lambobin iyayen ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sule yana ɗauka ya ce, "An fara ke nan?" Na karɓi wayar na ce, "Alhaji, ba a fara komai ba, gaisuwa ce."

Kwatano ba baƙuwata ba ce, amma yaran sun saki baki. Mata a kan babur da kaya a baya, burodi dogo kamar sandar makiyayi. Bitrus ya sayi ɗaya, ya gatsa, ya ce an cuce shi, na jiya ne. Na ce haka suke yinsa, ci ka yi shiru. A Lome muka kwana a zango, unguwar Hausawa, gidan Hajiya Zuwaira da nake sauka wurinta in na je sari. Ta yi mana tuwo da miyar kuka, Allah ya saka mata. Wannan ne abinci na ƙarshe da na ci ba tare da na fara shinshina shi ba.

Washegari muka shiga Gana. A bakin boda motar masu shirin ta ɗauke mu, muka wuce Ankara, babban birninsu, muka bi gefen teku har wani ƙaramin garin masunta. Garin duk ƙarnin kifi, har zanena ya ɗauka. Aka sauke mu a otal tare da yaran wasu ƙasashe uku.

Abinci kam an ba mu, ba zan yi ƙarya ba. Akwai shinkafa da wake irin garau-garau ɗinmu, sai dai tasu ja ce, da karan dafi suke dafa ta, su zuba mata wani baƙin yaji mai kifi. Wannan ta shiga. Akwai kuma dokunu, ƙullun masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye. Murja ta buɗe nata ta ce mini a kunne, "Kaka, tuwon ya lalace." Na ce bai lalace ba, haka aka so shi. Ni ma dai rabi na ci, na koma wa ƙuli-ƙuli da dambun naman da na yi guzuri.

A can yara da manya tebur ɗaya suke ci, yaro ya miƙa hannu ta gaban babba ya ɗauki abin da yake so, yana tauna yana ba da labari. Namu da suka ga na zauna a kujera, sai suka kwashi farantansu suka koma lungu suka zauna a ƙasa. Wata ma'aikaciyar otal ta zo da fuskar tausayi tana tambayar Malama laifin da suka yi aka hore su. Malama ta je ta ce musu, "Ku tashi ku hau kujera, kuna ba ni kunya." Suka hau, amma ba wanda ya iya cin abin kirki.

Da safe aka kai mu gidan yaƙin. Ginin dutse ne fari, mai ganuwa da kauri, igwoyi sun yi tsatsa suna kallon ruwa. Matakala ce ko'ina, gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba. Akwai ɗakunan ƙasa da aka kulle, wani ma'aikaci ya ce nan ake tara mutanen da za a sayar a da, ba a wasa a cikinsu. Na leƙa ta ƙofar ƙarfen, na yi addu'a, na wuce.

Rigima ta farko kan tufafi ce. Masu shirin suka fito da riga da gajeren wando na kowa da kowa. Na ce matan nan biyu ba za su sa ba. Shugabar shirin, wata matashiya mai gajeren gashi da waya biyu a hannu, wadda kowa ke ce wa Madam, ta ce kayan shiri ne. Na ce to a ɗora rigar a kan hijabi, a nemo dogon wando. Aka nemo na manya, na zauna da allura na rage musu. Ana cikin haka wani ya miƙo mini takarda, wai in sa hannu a madadin iyaye cewa mun yarda a nuna yaran. Ni kuwa tun da na fara sana'a ban taɓa sa hannu a kan kayan da ban gani ba. Na ce zan duba, na ninke ta na jefa a jaka. Kowa na sauri, aka manta da ita.

Aka zaunar da mu manya a wani ɗaki, ga talabijin muna ganin yaran, ga kyamara kuma tana ɗaukar fuskokinmu. Kowane malami an ba shi damar yin magana sau ɗaya ta lasifika in yaransa sun maƙale.

Yaranmu sun yi ƙoƙari, wannan ku faɗa wa kowa. Ɗakin farko ɗaukar ruwa ne a ƙwarya a bi ta kan katako. Yaran wasu ƙasashen suna rungume ƙwaryar a ƙirji tana zuba, Nafisa da Murja suka ɗora a ka suka wuce kamar za su rijiya. Na biyu tsince tsakuwa ne daga wake, Murja ta gama kafin mai gabatarwa ya gama bayani. A hawan igiya Sadik ya zame ya goge gwiwa, muka rasa tuta ɗaya. Bitrus ya ramo ta a ɗakin lissafi. Da aka zo wasan ƙarshe saura mu da wata ƙungiyar Gana, kowa da lungunsa, kuma namu suka riga isa.

Suka kwararo da gudu, Nafisa a gaba. Sai suka ja birki.

A shirye-shiryen da Malama ta gani a waya, mai gadin saurayi ne da abin rufe fuska. Bana sun canza. Dattijo ne na gaske kwance a kan tabarma, gemu fari fat, da hula da carbi a hannu, ya tokare lungun bango zuwa bango. In ka gan shi ka ce limamin unguwarku ne ya kishingiɗa bayan azahar.

Nafisa ta cire takalminta. Sauran suka cire. Ta durƙusa, suka durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba."

Shiru. Dokar wasan ce, ba ya farkawa sai ƙararrawa ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni. Baba, don Allah za mu wuce ne."

Agogo na tafiya a gefen talabijin. Sadik ya yi gyaran murya. Bitrus ya manna bayansa da bango ya gwada raɓawa ta wajen ƙafafun, ya ga ba hanya sai ya ɗaga ƙafa ta kan dattijon, ya dawo ya sake durƙusawa. Murja ta ce, "Baba, ko ka ɗan tanƙwashe ƙafar?" Mutanen ɗakin da muke ciki suka fara dariya. A ɗaya talabijin ɗin kuma yaron Gana na farko ya riga ya ƙetare nasu mai gadin.

Malama ta fizgi lasifikar. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Nafisa! Ku ƙetare shi! Ba uban kowa ba ne! Ku taka shi ma in ta kama, ku wuce!"

Da Hausa ta faɗa, tas, jijiyar wuyanta a miƙe, kyamara na kanta. Nafisa ta miƙe. Ta ɗaga ƙafar dama, ta riƙe ta a sama kamar mai shirin shiga ruwan sanyi. Sai ta mayar da ita inda take, ta sa hannu ta rufe fuska. Aka buga gangar tashi, yaran Gana suka fito da tutarsu.

Malama ta ajiye lasifikar ta zauna. Sai a lokacin ta tuna da kyamara, ta tuna da Alhaji Sule. Ta ce, "Hajiya, na kori kaina." Na ce, "Tukuna."

Na sauka wurin yaran, na tarar dattijon ya tashi zaune yana kwance ƙararrawa. Ashe ɗan zango ne, Baba Isifu, Hausa a bakinsa. Yana cewa Nafisa, "Lafiya lau, 'yata, lafiya lau. Wallahi sau uku na kusa amsawa, sai in tuna za a kore ni." Ya dube ni ya ce, "Hajiya, tun safe ma'aikata ke ƙetare ni wurin gwaji kamar kwata, bayana duk ya ƙage." Na ce, "Baba, tashi ka yi mini tafinta, ina da ciniki."

Muka sami Madam tana murna, wai wannan gaisuwar ita ce abu mafi daɗi da suka taɓa ɗauka. Na ce ni ma na ji daɗi, amma a cire ihun Malama. Ta ce ai ihun ne gishirin abin. Na buɗe jaka na fito da takardar, ba sa hannu, na shimfiɗa a kan tebur. Ta kalli takardar, ta kalli wanda ya ba ni ita da safe, ya sunkuyar da kai.

Ta ce za su rage ƙarar muryar. Na ce mutanen Kabo kunnensu lafiya lau. Ta ce ba za su rubuta fassarar a ƙasa ba. Na ce mu fassara za a yi wa? Na ninke takardar na miƙe. Baba Isifu ya ce, "Hajiya, tana cewa ki zauna." Na zauna. Ta ce in aka fasa nuna yaran, su ne za su yi baƙin ciki, sun sha hanya a banza. Wannan gaskiya ce, kuma ta taɓa ni, amma ban bari ta gani a fuskata ba. Na ce, "Gaya mata ita ke son gaisuwar, ni kuma gida nake so." Na sake miƙewa, wannan karon har bakin matakala. Can ta aiko aka dawo da ni. A gabana aka yanke wurin a kwamfuta, aka sa kiɗan ganga a madadinsa. Na ce a maimaita mini sau biyu, sannan na sa hannu.

Dawowa ba ta da labari. Hanyar ce dai, da kumburin ƙafa, da aman Sadik. Ko Lome ban tsaya sari ba. Yaran ba su yi maganar lungun ba, Malama ma ba ta yi ba. Na ja su gefe a tashar Kano na ce abin da aka yanke an yanke, kada in ji shi a bakin kowa. Suka ce to.

Bayan sati shida aka nuna shirin, ranar Asabar da la'asar. Aka tayar da janareta a makaranta, aka cika aji biyu, wasu na leƙe ta taga. Da aka nuno 'yan matan da ƙwarya a ka, mata suka rangaɗa guɗa. Da aka zo lungun, yaran suka cire takalmi suka durƙusa. Wani tsoho daga Unguwar Tudu ya ce, "Allahu akbar." Ganga ta yi ta bugawa daidai inda na sa aka yanke ihun, Nafisa ta ɗaga ƙafa ta mayar. Ba wanda ya damu da tutar da aka rasa.

Alhaji Sule ya miƙe. Ya ce shi ne ya fi kowa zargin Malama, kuma yau a gaban jama'a yana neman afuwarta, don ta kai musu 'ya'ya ƙasar wasu ta dawo da su da tarbiyyarsu, ta zaɓi mutunci a kan tuta. Na sauke ajiyar zuciya, na fara laluben takalmina a ƙarƙashin benci.

Sai na ji muryar Malama. "Alhaji, a gafarce ni. Ba haka aka yi ba."

Ta faɗa musu duka. Buhun masara, lasifika, har da "ba uban kowa ba ne", ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Ta ce Hajiya ce ta sa aka yanke. Aji guda ya juyo ya kalle ni. Na ce a raina, matakala nawa na hau saboda matar nan.

Alhaji Sule ya juyo ya dubi Malama. Sannan ya ce, "Kin ce su ƙetare shi?"

"Na ce."

"Suka ƙetare?"

"Ba su ƙetare ba."

"To ashe tarbiyyar tamu ce, ba taki ba. Na janye afuwar da na nema." Ya gyara hularsa. "Sharaɗina a kan yaran ne, yaran kuwa ba su yi abin kunya ba. Ki ci gaba da koya musu lissafi. Amma ba ki ƙara fita da ɗan kowa ko nan da Gwarzo."

Wasu suka ce an yi mata sauƙi. Gida biyu sun cire 'ya'yansu daga makarantar a satin. Ita dai tana nan, tana ɗakinta.

Da aka watse na same ta tana jera benci. Na ce, "Malama, sau biyu na miƙe wa Madam, da waɗannan gwiwoyin. Wa ya tambaye ki? Da kin yi shiru da yanzu har goro za a kawo miki."

Ta ɗora benci a kan benci, ta karkaɗe hannunta.

"Na gode, Hajiya, wallahi na gode. Amma yaran nan huɗu sun ji ni, kuma suna zaune a ajin nan lokacin da yake yabona. Ranar Litinin a gabansu zan tsaya."

Na kama mata ɗaya gefen bencin muka kai shi bango.